Kurakuran da ke kayar da mahaya babur a jarrabawar tuƙin ƙwararru

Mai jarrabawar babur ba ya zama kusa da kai kamar yadda ake yi a mota. A bayanka yake, kan nasa babur, yana bin ka kusan awa guda. Ba ya ganin idonka, ba ya kuma jin abin da kake saƙawa a zuci. Abin da ke gabansa shi ne inda ka aza taya a kan kwalta, lokacin da fitilar birkinka ta kama, yadda hular kwanonka ke juyawa, da yadda babur ya shiga kwana, a natse ko a firgice. Da waɗannan yake karanta tunaninka kaf. Kurakuran da zan kawo, in ka bi sawunsu, yawancinsu gida ɗaya suke komawa: mahayi bai ga abu da wuri ba, ko ya gani bai yi masa shiri ba, babur kuma ya tona asiri.

Wannan jarrabawa daban take da ta karɓar lasisi. Ta lasisi tana tambaya ne ko za a iya sakin ka a titi ba tare da ka cutar da kowa ba. Ta ƙwararru kuwa so take ta ga tuƙi mai tsari, sumul, cikin doka, wanda kuma yake cin tafiya inda hanya ta ba da dama. A Birtaniya, inda abin ya kafu sosai, akwai ƙungiyar IAM RoadSmart da aka kafa a 1956, akwai kuma RoSPA, ƙungiyar hana aukuwar haɗurra, wadda ke raba sakamako zuwa zinariya, azurfa da tagulla, take kuma sake gwada mutum duk bayan shekara 3. Masu jarrabawarsu galibi 'yan sanda ne mahaya babur, na bakin aiki ko waɗanda suka yi ritaya. Tsarin da suke aunawa da shi ya samo asali daga makarantar koyon tuƙi ta 'yan sanda da ke Hendon a Landan, tun shekarun 1930. Wasu ƙasashen suna da nasu, da sunan da suka ba shi, amma abin da ake nema a jikin mahayi kusan ɗaya ne.

Dogaro da yawan shekaru

Wanda ya fi shan wahala a wannan shiri ba sabon mahayi ba ne. Wanda ya shekara goma sha biyar yana hawa bai taɓa faɗuwa ba, shi ne. Yakan zo da yaƙinin cewa takarda kawai ta rage a miƙa masa. Amma shekaru ɗabi'a suke kafawa, mai kyau da maras kyau, kuma da zarar maras kyan ta zauna, jiki ya daina jin ta.

Fitata ta farko da malamin da ya shirya ni, mun yi kamar minti arba'in sannan muka tsaya a gefen hanya. Ya cire hula ya ce, "Ɗan'uwa, ƙafarka ta dama a ina take zama?" Na ce, "A kan matakinta, Malam." Ya ce in hau in zauna yadda na saba, in duba ƙasa. Ashe kan takalmina a kan birkin baya yake kwance, yana danna shi kaɗan kaɗan, fitilar birki tana kamawa tana mutuwa duk tsawon tafiyar, har a miƙaƙƙiyar hanya. Duk wanda ke bayana ba shi da yadda zai san lokacin da nake rage gudu da gaske. Shekaru na yi a haka. Ba wanda ya gaya mini, domin ba wanda ya taɓa bi na da niyyar kallo.

Maganin wannan shi ne ka samu wanda ya san tsarin ya bi ka a baya, ya kuma faɗa maka gaskiya. Abokin da zai ce maka "ai kai gwani ne" ba zai amfane ka ba. Duk fita ɗaya, ka ɗauki abu ɗaya ko biyu ka tafi da su, ka yi ta maimaitawa kai kaɗai har su zama jiki kafin fita ta gaba. Masu ɗaukar gyara goma lokaci guda sukan dawo ba su gyara ko ɗaya ba. Kada kuma ka sa ranar jarrabawa sannan ka fara shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ɗabi'ar da ta shekara goma ba ta barin jiki a mako biyu.

Gajeren ido

A nan zan daɗe, domin a ganina rabin masu faɗuwa jarrabawar nan suke faɗuwa, ko da a takarda an rubuta wani dalili dabam.

Yawancin mahaya idonsu yana sauka ne a kan kwaltar da ke gaban taya, ko a bayan motar da suke bi. Ka yi lissafi. A gudun kilomita 100 cikin awa, babur yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A kilomita 50, kusan mita 14. In idonka mita talatin kawai yake kaiwa a babbar hanya, to abin da ka gani yanzu, daƙiƙa ɗaya ta rage ka same shi. Wannan ba lokacin shiri ba ne, lokacin firgita ne. Daga baya kuwa ana ganin sa ƙarara: birki na ba-zata, kaucewar rami a makare, babur yana zabura yana lafawa.

Ka ɗaga haɓa. Ka fara da can ƙarshen inda ido ke kaiwa, ka dawo tsakiya, ka dawo kusa, ka leƙa madubi, ka sake komawa nesa. Ido ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kuma ba motoci kaɗai ake kallo ba. Jerin turakun lantarki ko na bishiyoyi da ya karkata yakan nuna maka inda hanya za ta lanƙwasa tun kafin ka ga kwaltar, ko da yake ba a ba su amana ɗari bisa ɗari, don wani lokaci waya takan miƙe, hanya ta juya. Sawun taɓo a kan titi yana cewa akwai motar gona ko babbar mota da ta fito nan kusa. Motar da ke fake da mutum a ciki, ƙofa na iya buɗewa. Bas ya tsaya, ka duba ƙarƙashinsa ko za ka ga ƙafafu. Ƙwallo ta gangaro titi, yaro na biye da ita. Mota a bakin mararraba, kada ka kalli fuskar direba, ka kalli tayar gabanta, ita ce ke fara motsi, kuma ba ta ƙarya.

Tambayoyi uku ake so su riƙa yawo a kanka: me nake gani, me ya ɓoye mini, me zai iya faruwa? Ta biyun ce aka fi mantawa. Babbar motar da ta tsaya ba ita ce matsalar ba, abin da ta rufe shi ne.

Atisayen da ya fi yi mini amfani shi ne magana cikin hula. Kana tafiya kana faɗin abin da ka hango da abin da za ka yi: "alamar kwana, madubi, zan matsa gefe, rage wuta, akwai mashiga a hagu, ba na ganin cikinta." Da farko za ka ga bakinka yana bayan babur, kana ambaton abin da ka riga ka wuce. Wannan shi ne ma'aunin gajartar idonka. Ranar da maganarka ta riga babur isa wuri, ido ya miƙe. Ka fara a hanyar da ba cunkoso, kuma in magana ta fara ɗauke maka hankali daga tuƙi, ka yi shiru.

Akwai kuma ɗan'uwan wannan kuskure: ƙura wa abin tsoro ido. Babur inda ka kalla yake zuwa. Ka ƙura wa rami ido, cikinsa za ka faɗa. Ka koya wa kanka kallon mafita, ramin kuma ka bar shi a gefen ido.

Cakuɗa matakai

Tsarin yana da matakai biyar da ake bi kafin kowane abu mai haɗari, ko kwana ce, ko mararraba, ko shataletale. Na farko labari: ka tattara shi da ido da madubi, ka yi aiki da shi, ka kuma ba wasu naka ta hanyar sigina ko fitilar birki ko ham. Shi wannan ba ya yankewa, yana tafe tare da sauran. Sai matsayi a kan titi, sai gudu, sai giya, sai ba da wuta a fita.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne juya na uku da na huɗu. Mahayi ya hango kwana sai ya fara sauke giya ɗaya bayan ɗaya, inji yana kuka, yana amfani da shi a matsayin birki. Illa biyu ke nan. Fitilar birki ba ta kama ba, don haka na baya bai san kana rage gudu ba. Sannan in giyar ta yi ƙasa da gudun, tayar baya na iya ja, musamman a jiƙaƙƙiyar kwalta. Ka rage gudu tukuna, da sakin totur in ya isa, da birki in bai isa ba, sannan ka zaɓi giyar da ta dace da wannan gudun. A babur ana yarda canjin giya ya shigo a ƙarshen birki, amma ya zama da niyya aka yi, ba don lokaci ya ƙure ba.

Wasu kuma a babbar giya suke yin komai, su shiga kwana a giya ta shida inji yana numfashi da ƙyar. Su murza totur, babur bai amsa ba. Giyar da ake so ita ce wadda in ka ƙara wuta kaɗan babur zai amsa, in ka rage kaɗan zai lafa.

Kwana

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da dukkan tuƙin ƙwararru: ka iya tsayawa lafiya, a hannunka, cikin tazarar da idonka ya tabbatar ba komai. A kwana ake gane wanda ya yarda da ita da wanda ya haddace ta kawai.

Yadda ake auna ta shi ne da iyakar gani, wato can inda gefen titi na dama da na hagu suka haɗu a idonka. In kana tunkarar kwana wannan wuri yana tsaye cik, kai kana matsowa, tazararka tana ƙarewa, sai ka rage gudu. In ya fara tafiya daidai da kai, gudunka ya yi, ka riƙe shi. In ya fara guje maka, kwana tana buɗewa, sai ka ƙara wuta gwargwadon doka da yanayin kwalta. Wanda ya iya wannan zai shiga kwanar da bai taɓa gani ba kamar ya san ta. Ka tuna kuma, in gudu ya ninka sau biyu, tazarar birki ninkawa take sau huɗu. Ƙarin kilomita goma a bakin kwana ba ƙaramin abu ba ne.

Kuskure na farko shi ne shiga da gudu, sannan a tsakiyar kwana tsoro ya kama mutum ya saki totur gaba ɗaya ko ya damƙi birkin gaba. Taya tana taɓa ƙasa ne da wuri kamar tafin hannu, kuma riƙon da take da shi rabawa take tsakanin juyawa da birki. Abin da birki ya ɗauka, juyawa ta rasa. Ban da haka, birkin gaba a kwana yakan miƙar da babur tsaye ya fitar da shi waje, wato daidai inda kake gudun zuwa. Ka gama rage gudu babur yana tsaye, kafin kwana. Cikin kwana kuma ka riƙe wuta kaɗan, ba don ƙara gudu ba, don kada gudun ya zube, babur ya zauna daram.

Na biyu, karya kai da wuri. Mutum ya ga bakin kwana sai ya faɗa ciki nan take, ya manne wa cikinta tun farko, sannan a fita hanya ta ƙare masa. Ka jinkirta kaɗan har ka ga inda kwanar ta nufa.

Na uku, rashin sanin yadda babur yake juyawa. Da zarar gudu ya wuce na tafiyar ƙafa sosai, babur yana kwanciya ne idan ka tura hannunsa na ɓangaren da kake son zuwa. Ka tura na dama gaba, ya kwanta dama. Ka tura na hagu, ya kwanta hagu. Kowane mahayi yana yin haka ko bai sani ba, amma wanda ya sani shi ne zai iya ƙara kwantar da babur ranar da kwana ta matse fiye da yadda ya zata. Ka je fili ko hanyar da ba kowa ka gwada a hankali har hannu ya gane. Ka kuma saki kafaɗa, gwiwar hannu a lanƙwashe. Sandararren hannu yana hana babur yin abin da aka ƙera shi ya yi.

Sai batun matsayi, wanda ɗalibai ke wuce gona da iri a kansa. Ana koyar da cewa ka bi ta wajen kwana, cikin layinka, don ka hango nesa. Gaskiya ne. Amma na sha ganin wanda ya riƙe wannan kamar dole, ya manne wa layin tsakiya alhali ga babbar mota tana tahowa, ko ya bi gefen titi inda yashi da tsakuwa suka taru. Jerin shi ne lafiya tukuna, sannan riƙon taya, sannan hangen nesa. Mota na tahowa, ka bar mata wuri, ka rage gudu tunda ganinka ya ragu. Ka kuma tuna in babur ya kwanta, taya na iya zama a hannunka alhali kanka ya tsallaka hannun masu zuwa.

Gudu: yawa da kaɗan

Wuce iyakar gudun da doka ta sa yana kayar da mutum a jarrabawa, ko da sauran tuƙinsa ya yi kyau. Inda aka fi yin sa shi ne shigowa gari daga babbar hanya: jiki ya saba da gudu, sai mutum ya wuce allon iyakar gudu yana kan ragewa. A daidai allon ake so gudunka ya riga ya sauka. A fita kuma, ba ka ƙara wuta sai ka kai allon da ya ba ka izini. Cikin gari, ƙaramar giya tana taimakawa, domin kukan inji zai gaya maka in gudu ya fara hawa ba sai ka riƙa sunkuyar da kai ga maleji ba.

Amma akwai ɗaya gefen, kuma mutane sukan yi mamaki in an ce shi ya kayar da su. Mahayi ya ce bari ya yi taka-tsantsan, sai ya yi ta jan jiki a hanya buɗaɗɗiya, busasshiya, wadda ake gani har nesa, motoci sun yi layi a bayansa. Ko ya zo shataletale ba kowa, ya tsaya cik ya sauke ƙafa. Mai jarrabawa ba zai karanta wannan a matsayin natsuwa ba. Abin da zai karanta shi ne mutumin nan bai duba da wuri ba, shi ya sa bai san hanya a buɗe take ba. Ka tunkari shataletale da shirin tsayawa, amma idonka yana neman damar wucewa.

Tazara tsakaninka da na gaba kada ta gaza daƙiƙa 2 a busasshiyar hanya, 4 in an yi ruwa. Motar gaba ta wuce wata alama, ka ƙirga daƙiƙoƙi har kai ma ka kai wurin. A kilomita 100 cikin awa, daƙiƙa biyu kusan mita 56 ke nan, kuma mutane da yawa in sun auna sukan tarar ba su kai haka ba.

Wuce mota

Wasu suna zuwa da tunanin dole sai sun wuce mota kafin a ce sun ci. Sai su ƙirƙiro damar da babu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ake so a gani shi ne kana neman dama, ka ɗauke ta in ta zo, ka bar ta in ba ta cika ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne manne wa bayan mota, musamman babba, har ta rufe maka komai, sannan ka leƙo ka murza wuta lokaci guda. Ka ja baya inda kake gani ta gefenta. In alama ta nuna dama na zuwa, ka matso kaɗan, ka duba madubi, ka fito gefe ba tare da ƙara gudu ba, ka tabbatar da idonka. In hanya ta yi, ka wuce. In ba ta yi ba, ka koma wurinka, ba abin da ka rasa. Kafin ka fita ka san gurbin da za ka koma ciki a gaban motar. Kada ka wuce kusa da mararraba ko mashigar gida ko ta gona, domin wanda kake wucewa na iya juyawa, wani kuma na iya fitowa yana kallon ɗaya ɓangaren. In kuma wucewar ba za ta yiwu ba sai ka karya iyakar gudu, to ba dama ba ce.

Mararraba da waiwaye

A 1981 aka fitar da rahoton binciken da Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya jagoranta a kan haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles na Amurka. Kusan kashi uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, kuma a kashi biyu cikin uku na waɗannan, ɗaya direban ne ya shiga wa mai babur hanya. Binciken ya tsufa, amma duk mahayi ya san maganar da ake yi bayan irin wannan karo: "Wallahi ban gan shi ba." Babur siriri ne, kuma abin da ke tahowa kai tsaye ba ya nuna gudunsa. Don haka in ka ga mota a bakin mararraba, kada hakkin wucewa ya ruɗe ka. Ka matsa inda zai fi ganin ka, ka rage gudu, yatsu a kan birki, ham a kusa.

Waiwaye ta kafaɗa kafin juyawa ko canza layi yana rufe wurin da madubi ba ya kaiwa. Kuskure biyu ake yi a kansa. Wani ba ya yi sam. Wani kuma, don ya ji ana dubawa, sai ya mai da shi wasan kwaikwayo, yana kaɗa kai kowane mita ɗari ba tare da ya ga komai ba. A kilomita 80 cikin awa, waiwayen daƙiƙa ɗaya mita 22 ne ka yi ba ka kallon gaba. Ka yi shi inda akwai dalili, ka yi shi da sauran lokacin da za ka iya fasa juyawar in ka ga wani abu. Waiwayen da aka yi babur ya riga ya fara karkata ba shi da amfani.

Sigina kuma, yawancin babura ba sa kashe ta da kansu. Mantawa da ita tana walƙiya gayyata ce ga mai jira a mararraba ta gaba ya fito maka. Ka saba wa babban yatsa da danna makashin bayan kowace juyawa.

Tafiyar hawainiya da birkin gaggawa

Mahaya da yawa sun iya gudu, ba su iya tafiya a hankali ba. A cunkoso za ka ga ƙafafu biyu suna jan ƙasa, kan babur yana rawa. Abu uku ke riƙe babur a ƙaramin gudu: wuta kaɗan da ba ta yankewa, kulos a daidai inda ya fara kamawa, da birkin baya a taɓe. Birkin gaba kuwa, in kan babur a karye yake, ka taɓa shi da ƙarfi ƙasa za ku. In za ka yi juyawar komawa baya, ka juya kai gaba ɗaya ka kalli inda za ka ƙare, kada ka kalli bakin titi. Minti goma sha biyar a fili, sau biyu a mako, ya isa ya canza wannan.

Birkin gaggawa shi ma sai an gwada. Mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake, domin nauyi gaba yake komawa. Amma matsawa ake yi, ba fizga ba: ka fara a hankali nauyi ya sauka kan tayar gaba, sannan ka ƙara da ƙarfi. Tun 2016 Tarayyar Turai ta wajabta ABS, na'urar hana taya kullewa, a kan sababbin baburan da suka wuce 125cc. In naka yana da ita, ka san yadda take bugun hannu in ta kama, don kada ranar farko da za ka ji ta ka tsorata ka saki birki.

Babur da littafin doka

Kan wannan ba sai na ja ba. Mai jarrabawa na iya cewa ka nuna masa yadda kake duba babur kafin fita: fetur, baƙin mai, ruwa in injin mai ruwa ne, sarƙa, fitilu da ham, taya, birki, kan babur da shokozoba. Iskar taya a sanyi ake aunawa, da ma'auni, ba da matsa yatsa ba, kuma adadin yana cikin littafin babur ɗinka. A Birtaniya zanen tayar babur da ya wuce 50cc kada ya gaza milimita 1, kuma dole mai tuƙi ya iya karanta lambar mota daga mita 20. Ka san abin da dokar ƙasarka ta ce. Ka sake karanta littafin dokokin hanya, domin wanda ya daɗe da karɓar lasisi yakan tarar an ƙara alamomin da bai sani ba.

Ranar jarrabawa

Kuskuren ranar shi ne sauya tuƙi. Mutum ya yi watanni yana gina salo, ranar kuma ya ce bari ya yi abin da yake zaton ana so. Sai jiki ya sandare, komai ya zo a makare. Ka yi tuƙin da ka saba yi a fitarka ta ƙarshe da malaminka.

Kada ka mai da madubi wurin kallon mai jarrabawa. Zai gaya maka tun farko yadda zai nuna hanya, ko da siginarsa ko ta rediyo a kunne. In ba ka gane ba, ka tambaya kafin ku tashi. Kada kuma ka kwaikwayi ɓangaren da yake bi a titi, shi wurin da zai gan ka yake nema. In ka ɓata hanya, kada ka yi juyawar gaggawa don gyarawa. Ɓatan hanya ba laifin tuƙi ba ne, amma karya kai ba shiri laifi ne. Ka ci gaba, ka samu wuri mai kyau ka tsaya, zai zo.

In ka yi kuskure, ka bar shi a inda ya faru. Na ga wanda ya manta sigina a minti na goma, ya yi sauran minti hamsin yana tunaninta, kurakurai uku suka biyo baya, kuma waɗannan ukun ne suka kayar da shi, ba siginar ba.

Minti biyar na ƙarshe ma cikin jarrabawa suke. Da an hango wurin da aka tashi, kafaɗa takan saki, ido ya sauka, alhali wurin ajiye motoci cike yake da masu ja da baya da masu tafiya a ƙafa. Ka shiga a giya ta ɗaya, birkin baya a taɓe. Ka duba gangaren wurin kafin ka zaɓi inda za ka tsaya, don kada ka ajiye babur kansa a gangare ka rasa yadda za ka ja shi baya. Ka miƙe kan babur kafin ka tsaya, ka kashe inji, ka bar shi a giya, ka tabbatar ƙasan da za ka kafe shi a kai mai tauri ce, sannan ka sauka ka cire hula.